Hasumiya ta rufe, wace mitar rediyo za a kira?

Jama'a masu tuƙin jirgin sama a Amurka, ina neman a warware min wannan. Ƙaramin filin jirgin sama ne mai hasumiyar kula da jirage da ke rufewa da dare. A Chart Supplement, littafin bayanan filayen jirgi, an rubuta lokacin aikinta 1200–0400Z‡ (Z na nufin agogon UTC). Fahimtata, alamar ‡ tana nufin idan an tura agogo gaba da bazara, a rage awa ɗaya, ya koma 1100–0300Z. Ke nan jirgin da zai iso 0320Z a Yuli zai tarar an rufe, ko na baibaita lissafin?

Inda ya fi ɗaure min kai mita ce. A taswira akwai tauraro kusa da mitar hasumiya, sai harafin C cikin da'ira, wato ita ce CTAF, mitar da matuƙa ke sanar da juna matsayinsu a kanta, bayan rufewa. Amma ga UNICOM, mitar masu hidima a filin, 122.95 a gefe, wasu kuma can suke sanar da matsayinsu. Jirage biyu a zagaye ɗaya, kowa da mitarsa, ba mai jin wani. Haɗarin ke nan.

Fitilun titin jirgi fa, kunna su ta danna makirufo sau 7 cikin daƙiƙa 5, a CTAF ake yi ko yana iya zama wata mita daban? Kuma sararin samaniyar filin, da ke ajin D lokacin da hasumiya ke aiki, komawa ajin E yake ko G bayan rufewa?