Wa aka hana kambu, kuma waye "namu"?

Gurup ɗin majalisar shayi, Garwa (arewacin Kamaru), daren Asabar

Sale Tela: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau raina a ɓace yake wlh. Ɗazu a gidan kallo a Yelwa muna jiran a fara mach sai wuta ta ɗauke, muka zauna cikin duhu ana hira, maganar damben turawa ta taso, na ce a duk ajin masu nauyi babu wanda aka zalunta kamar namu Ike Ibeabuchi, mutumin da a zamanin ganiyarsa ba a taɓa kayar da shi ba amma ko sau ɗaya ba a ba shi damar neman kambun duniya ba. Sai wasu yara da ba su kai ƙanina na uku ba suka kwashe da dariya wai wannan kuma sunan magani ne, ɗaya har yana haska min fuska da tocilan wayarsa. Toh ku saurara. A 1997 a Sacramento ya haɗu da David Tua, lokacin Tua ya yi wasa 27 ba faɗuwa, shi ne fa ya kwantar da John Ruiz cikin sakan 19, amma Ike ya tsaya masa turmi 12 ƙirji da ƙirji, su biyun suka jefi juna da naushi 1,730, Ike ya ci. A 1999 ya kashe Chris Byrd a turmi na 5. Bayan nan Tua ya samu karawa da Lennox Lewis a 2000, Byrd ya ɗau kambu har sau biyu, shi kuwa wanda ya dake su dukansu ko ƙofa ba a buɗe masa ba. Zuwa 1999 wasa 20, nasara 20, 15 daga ciki kisa. Wanda ya ce ƙarya nake ya fito. Kuma na san halinku, in na yi rubutu sai a karanta a wuce, amma in an turo hoton shinkafa mutum talatin za su yi magana.

Ɗanjuma Kilando: Namu??

Ɗanjuma Kilando: Sale namu na ina? Mutumin nan ɗan Najeriya ne, kuma ba ma ɗan arewa ba, daga can ƙasar Ibo ya fito. Yaushe ya zama namu mu da muke Garwa

Sale Tela: Baƙin mutum ne, ɗan Afirka ne, maƙwabcinmu ne. Daga nan zuwa Yola awa nawa ne? Kai ba can kake sayo tayar mashin ɗinka ba

Ɗanjuma Kilando: Sayen taya daban, namu daban. In kana neman namu ga Francis Ngannou nan, ɗan damben Kamaru, yaron Batié, ya haƙi yashi yana ƙarami, ya ja moto a Duwala kamar yadda nake ja a nan, ya ratsa sahara ta Nijar da Aljeriya har Maroko, ya kwana a titi a Paris. Wannan shi ne namu, jinina ne wlh

Abba Kusiri: Hhhh jininka ta wajen uwa ko ta wajen uba? Bamileke ne fa

Ɗanjuma Kilando: Ta wajen moto

Malam Buba Lekol: Ku yi haƙuri in sa baki kafin abin ya yi nisa. Sale, alƙalumanka daidai suke amma kalmar zalunci ce ban yarda da ita ba. Ibeabuchi ba wani zakara ne ya guje masa ba. Watanni kaɗan bayan ya kashe Byrd, a Yulin 1999, aka kama shi a Las Vegas kan cin zarafin wata mata a otal, ya shafe shekaru masu yawa a tsare, kuma tun kafin nan ana maganar rashin lafiyar ƙwaƙwalwa a tare da shi. Ƙofar tana gab da buɗewa ne shi ya fita ta taga. In ana maganar waɗanda aka hana da gangan, sai a koma baya. Sam Langford, haifaffen Kanada, gajere ne ƙwarai a masu nauyi, ya kara da Jack Johnson a 1906 turmi 15, Johnson ya ci shi amma lokacin ya fi shi nauyi da sama da kilo 10. Da Johnson ya ɗau kambu a 1908 bai sake yarda sun haɗu ba har ya rasa shi a 1915. Langford ya ci gaba da dambe har idonsa ya mutu, a 1944 wani ɗan jarida ya gano shi a wani ɗaki a Harlem, makaho, ba ko sisi. Sai Harry Wills na New Orleans, shekara da shekaru shi ne na ɗaya a layi lokacin Jack Dempsey, har takarda aka sa wa hannu a 1925 wasan bai yiwu ba. Daga 1915 sai 1937 kafin baƙin mutum ya sake samun damar neman wannan kambu, wato Joe Louis. Shekara 22 kenan. Wannan shi ake kira hani.

Ɗanjuma Kilando: Malam da girmanka amma ba wannan muke ba yanzu. Namu muke

Malam Buba Lekol: Toh.

Kawu Direba: Ɗanjuma ɗana bari in tambaye ka. Kai da kake rantsuwa da namu, ran nan a hanyar Ngaundare da mai kaki ya tsayar da mu a shinge, ya karɓi katinka ya juya gaba ya juya baya, ya ji muna Hausa ya ce ku 'yan Najeriya ne ina kuka samo wannan kati, me ka ce masa? Ni a nan Hausare aka yanke cibiyata, ubana ma a nan, kakana ne ya zo daga Kano da jakuna yana fataucin goro tun zamanin Jamus. Mun tsaya a rana kusan awa guda ina lissafa masa sunayen unguwannin Garwa kamar ɗan makarantar allo yana biya karatu. In ka je Kano kuma su ce ga 'yan Faranshi sun zo. Toh ni a wajena wanda duk bai da mai tsaya masa shi ne namu, ka bar Sale ya ce namu

Sale Tela: Allah ya ƙara girma Kawu. Ka gama magana

Ɗanjuma Kilando: Kawu ai shi ya sa! Saboda irin wannan ne bai kamata mu da bakinmu mu riƙa cewa ɗan Najeriya namu ba, gobe a ce ai ga shi ku kuka faɗa

Abba Kusiri: Wato mai kakin yana cikin gurup ɗin nan kenan yana karantawa

Hamisu Injamena: Ku dai kun ji daɗi kuna da waɗanda za ku yi faɗa a kansu. Mu a nan in an ce dambe sai dai mu leƙo ta gadar Ngeli mu ara naku. Amma ina Carlos Takam, ɗan damben nan naku? Shi ma ai ba a taɓa ba shi dama ba ko

Abba Kusiri: An ba shi mana. Oktoba 2017 a Cardiff da Anthony Joshua, Kubrat Pulev da aka shirya zai kara da Joshua ne ya ji ciwo aka kira Takam saura kwana 12. Ya kai turmi na 10 fuska duk jini alƙalin wasa ya tsayar, shi kuwa yana ta nuna bai gaji ba. A Kusiri muka kalla, ranar mai gidan kallo ya ninka kuɗin shiga

Ɗanjuma Kilando: Takam ma ba namu ba ne sosai, ya karɓi takardun Faransa

Sale Tela: La ilaha illallahu. Haifaffen Duwala fa! Ya wakilci Kamaru a Olamfik na 2004! Yanzu kai ne ofishin raba namu? Wanda ka ga dama ka buga masa hatimi wanda ba ka so ka kore shi. Shi Ngannou ɗin naka a ina ya koyi sana'ar, ba Paris ba, ba Amurka ya koma ba

Ɗanjuma Kilando: Amma tutar wa yake yafawa in zai shiga fili? Amsa min wannan

Anti Ladi Mai Abinci: Ku maza ba ku da aiki wlh. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare waya sai ƙara take kamar ana biki, na ɗauka rasuwa aka yi. Kuma Sale da kake zagin hoton shinkafa, shinkafata ce, kuma kana cikin waɗanda suka ce a ajiye musu

Sale Tela: Anti ba da ke nake ba, tuba nake

Malam Buba Lekol: Tunda an ƙi barin kalmar, bari in shigo ta nan. Jack Johnson baƙi ne, Langford baƙi ne, Joe Jeannette da Sam McVea su ma baƙaƙe ne, waɗannan biyun ma sun yi turmi 49 a Paris a 1909, ku ji fa, 49. Dukansu sun san juna, sun daki juna tun ba su da komai. Amma da Johnson ya hau, turawa ya riƙa ba dama saboda a nan kuɗin yake, dala 30,000 yake nema a wasa kamar yadda aka ba Tommy Burns ranar da ya karɓe kambun a hannunsa. Baƙi ɗaya da ya ba dama shi ne Battling Jim Johnson a 1913 a Paris, wanda bai kai waɗancan haɗari ba. Toh in launi ne namu, ga na gida ya rufe wa na gida ƙofa.

Abba Kusiri: Tsoro ne kawai Malam

Malam Buba Lekol: Ban ce tsoro ba. Ya taɓa cin su ai kafin ya hau.

Kawu Direba: Shi ya sa ni har gobe damben gargajiya ya fi min. Ba takarda, ba lauya, ba wani mai shirya wasa da zai ɓoye ka a aljihu. Makaɗi ya kama takenka a gaban jama'a, ka ɗaure kara ka fito ko kuma gari ya waye kowa ya san ka noƙe. Da a ce a gidan dambe Dempsey yake zamanin su Shago, ina zai ɓuya shekara bakwai

Hamisu Injamena: Kawu a gidan damben ma ana ƙin mutum fa, na sha ganin an nuna wani ya girgiza kai ya koma ya zauna

Kawu Direba: Ana ƙi amma a gabanka ake ƙi, ba a ofis ba

Ɗanjuma Kilando: Ni dai a dawo kan Ngannou. Riyad, Oktoba 2023, wasansa na farko a damben turawa, ya kai Tyson Fury, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, ƙasa a turmi na 3 duniya tana kallo, aka zo aka ce wai Fury ya ci. Ƙwace masa kambu aka yi da rana tsaka

Abba Kusiri: Wane kambu? Ba a sa kambun hukumar dambe ta WBC a wasan ba gran, ko da an ba shi nasara ba zai tafi da shi gida ba. Turmi 10 ne ma ba 12 ba. Alƙali ɗaya ya ba shi, biyu suka ba Fury

Ɗanjuma Kilando: Vuwala! Ka ga ashe ma ba a sa ba. Wato shi ne ainihin wanda aka hana. Mersi Abba ka taimake ni

Sale Tela: Mutum mai wasa biyu a damben turawa, faɗuwa biyu, shi za a jera da wanda ya yi 20 a jere ba faɗuwa? Ka manta Maris 2024 da Joshua ya shimfiɗe shi a turmi na 2? Kai da kanka ka fita daga gidan kallo ka bar hularka a benci, ni na kawo maka ita shago washegari

Ɗanjuma Kilando: Tunda ka kawo maganar shago, ina yadina? Tun kafin babbar sallah na kai maka shadda da dubu biyar na kafin alƙalami, kullum gobe, kullum wuta ce babu. Da tsohuwar riga na je idi, matata har yau tana min gori. Mutumin da ya hana ni riga shi ne yake kukan an hana wani kambu a Amurka

Abba Kusiri: Hhhhhhh wayyo cikina

Sale Tela: Wannan maganar sirri ce, me ya kawo ta gurup. Kuma dubu uku ka ba ni ba biyar ba, biyun ka ce a cire a kuɗin da ka kai ni Pitowa ran kasuwa, alhali a rabin hanya mai ya ƙare muka tura

Ɗanjuma Kilando: Ƙarya kake Sale, Kawu shaida ne

Kawu Direba: Kar ku sa ni a ciki. Ni ina Mundu ranar

Anti Ladi Mai Abinci: Nima zanen ɗiyata yana wajensa wata biyu

Malam Buba Lekol: Akwai kuma Peter Jackson da John L. Sullivan ya ƙi karawa da shi saboda launin fata, wanda ya yi turmi 61 da Corbett a 1891, ko akwai mai son ji?

Hamisu Injamena: Malam ka bari sai an gama shari'ar shadda

Admin Bello: Jama'a ya isa haka, dare ya yi, gobe akwai masu sammako. Na karanta komai daga sama har ƙasa kuma ga abin da aka tsayar. Ɗan Najeriyar da Sale ya kawo, Malam ya riga ya nuna shi ya jawo wa kansa, an rufe wannan. Su Langford da sauran na zamanin da, Allah sarki, amma babu wanda ya gan su a cikinmu, bidiyon ma baƙi da fari ne yana rawa. Takam an ba shi dama ya gwada. Saboda haka kowa ya yarda wanda aka hana kambu da gaske shi ne Ngannou, tunda ya kayar da mai kambun a gaban idonmu kuma aka ƙi sa kambun a fili, kuma shi ne namu, wannan ba ya buƙatar muhawara. Sale ka kai wa Ɗanjuma rigarsa kafin Juma'a. Na rufe gurup sai bayan asuba.

Sale Tela: Wa ya yarda?? Admin wa ya yarda? Ni ban yarda ba, Kawu bai yarda ba, kai da hoton Ngannou ne ma a kan lambarka tun bara

Admin ya sauya saitin gurup, admin kaɗai ne zai iya tura saƙo.