Neman shawara: Ɗana ya tsaya a mita 1.98 a tsallen sama, koci na so ya koma Prag

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 19 a Brno, a Jamhuriyar Cek. Matata 'yar ƙasar ce, kuma a nan aka haifi ɗanmu na fari, yanzu shekararsa 16. Tun yana ɗan shekara 11 yake tsallen sama, wanda ake tsallake sanda da baya a faɗa kan katifa. Bara da hunturu, a gasar cikin ɗaki, ya tsallake mita 1.98. Tun daga nan shiru kake ji. Shekara guda cur yana kai wa mita 2 hari, sandar tana faɗuwa. Ga kuma gwiwar hagu, wadda yake tashi da ita, tana yi masa ciwo a ƙasan ƙoƙo. Kocinsa ya ce yaron ya fi ƙarfin kulob ɗinmu, a bar shi ya koma babban kulob a Prag, babban birnin ƙasar. Saura shekara 3 ya zana maturita, jarrabawar gama sakandare ta nan. Uwarsa ta amince, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Ba na son in tare wa ɗana hanya, amma ina tsoron a wayi gari ba gwiwa ba takarda. Me kuka gani?

Malamin wasanni: Wa alaikumus salam Alhaji. Saurin me ake yi? Tsayawar shekara guda ga ɗan 16 ba abin tashin hankali ba ne. Yaro na cikin girma, ƙafa ta ƙara tsawo, sai takun da ya saba ya rikice. A wannan wasa gudun da ake yi kafin tashi shi ne kusan komai: taku 8 zuwa 10, a fara a miƙe a ƙare da lanƙwasa. In ƙafar tashi ta sauka kusa da sanda fiye da kima, ko ƙarfin doki gare shi sai ya ture ta. A sake auna masa taku tukuna. Ka dubi Jan Štefela, ɗan ƙasar taku. An haife shi a 2001, ya ci gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Tallinn a 2021 da mita 2.23, ya kai zagayen ƙarshe a Olamfik ɗin Paris a 2024 bai samu komai ba. Sai a 2025 a Tokyo ya ɗauki tagulla a gasar duniya da mita 2.31, yana da shekara 24.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi: Yaya, ni maganar gwiwar ce ta tsaya mini, kun wuce ta kamar ba komai. Ciwo a daidai wurin nan yawanci na jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwa da ƙashin ƙauri ne, kuma masu tsalle ta fi kamawa. Ba ta son a ci gaba da dira a kanta, ba ta kuma warkewa da kwanciya kawai. Rage yawan tsalle ake yi, a riƙa ƙarfafa cinya sannu a hankali, abin yakan ɗauki watanni. Da yake bai gama girma ba, likitan wasanni ya fara dubawa. Babban kulob ƙarin atisaye ne, a kan ƙafar da ke kuka tun yanzu.

Wani ɗan uwa daga Jamus: Ni dai ban bi ku ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Jaroslav Bába (sunansa ke nan, Baba, ba zolaya nake ba) yana ɗan shekara 19 ya ci tagulla a Olamfik ɗin Atina a 2004 da mita 2.34. Da an ce masa ya jira fa? Kuma a Prag akwai Dukla, cibiyar wasanni ta sojoji, wadda ke ɗaukar manyan 'yan wasa da albashi. Ku bar yaro ya gwada sa'arsa, boko ba ya gudu.

Malamin wasanni: Ɗan uwa, ƙarasa labarin mana. Bába ya yi 2.37 a cikin ɗaki da 2.36 a fili a 2005, ya kuma ci gaba da gasa shekaru da yawa bai sake wuce su ba. Sannan wannan ba ƙwallon ƙafa ba ne. Kyautar kuɗin tagullar gasar duniya a 2025 dala 22,000 ce, kuma mutum ɗaya ke ɗaukarta a duk duniya. Tsakanin 1.98 da inda ake fara maganar albashi akwai tafiya mai nisa.

Maman 'yan biyu: Duk kun yi ta lissafin santimita, ba wanda ya ce a tambayi mai ƙafar. Alhaji, ka zauna da shi kai da shi, ba uwarsa ba kocinsa? Wa zai riƙe shi a Prag, wa zai kula da sallarsa da abin da yake ci? Tsakaninku kusan kilomita 200 ne, ba bayan gida ba. Ai ana iya tura shi atisayen hutu can ya ga yadda abin yake, ya dawo makarantarsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na bi shawararki, jiya bayan isha'i na fita da shi a mota. Ashe wata 4 ke nan yana shan maganin kashe zafi kafin atisaye, a ɓoye, don kada koci ya cire shi daga gasa. Prag ɗin ma ya ce yana so, amma tsoro yake ji ya je ya zama na ƙarshe a cikinsu. Jikina ya yi sanyi wallahi. Mun samu layin ganin likita ranar Talata, na kuma gaya wa koci ba tsalle sai mun ji sakamako. Bai ji daɗi ba. 'Yar uwa mai gashin ƙashi, kafin Talatar zai iya yin iyo ko hawa keke, ko shi ma a dakata?