Ɗiyata ta gama sakandare, na rasa inda zan dosa da ita

Maman Nana: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. A 2007 na haifi Nana, kwana biyu ina naƙuda a gida, surukata tana cewa haihuwar fari sai haƙuri. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Sai da ta shekara ba ta zama sannan likita ya ce iska ce ba ta isa ƙwaƙwalwarta ba lokacin haihuwa. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, daga baya muka koma gashi a asibitin Dala. Ƙafafunta a sandare suke, hannun dama ma haka, amma kanta ras. Yanzu kullum tana ɗaki. Ni nake ɗaga ta zuwa bayi, ga al'ada duk wata, bayana ya fara ciwo. In na faɗi wa zai riƙe ta?

Hajiya Babba: Aure za ki yi mata, ƙanwata. Ki nemi mai tsoron Allah a dangi tun kina da ƙarfinki.

Anti Malama: Hajiya, a tambayi yarinyar tukuna. Akwai NOUN, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, yawancin karatun daga gida ne. Kuma dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 na guraben aikin gwamnati. Kar ku bar gashin, gaɓoɓi ƙara ƙagewa suke yi.

Ummu Sadik: Wace doka? Ƙanena mai shan inna ya yi digiri, ya je neman aiki a bene hawa biyu, a wuya aka goya shi. Har yau kati yake sayarwa. Matarsa ma ta tafi.

Hajiya Babba: Kun ji ko! Takarda ba ta yi wa mutum wanka. Na aurar da 'ya'ya shida, na san abin da nake faɗa.

Anti Malama: Ina mahaifinta? Ita me take so?

Maman Nana: Gashin ba sakaci ya sa muka bari ba, kuɗin adaidaita ne. Kuma ni ba zan miƙa ta ga kishiya ba, ba zan bar ta ta fita ita kaɗai ba. Ku ba ku san yadda ake kallonta a titi ba.

Hajiya Babba: To ai shi ke nan. Ki yi mini magana ta ciki, akwai wani ɗan ƙanwar maigidana.