Masu shirya biki, wa yake da takardar kare sirrin kwastoma a cikinku?

MaiShirinBiki_KD:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sana'ar nan da lauyoyin gidan nan ku taimaka min. Ina shirya bukukuwa a Kaduna, kamu, dina, wuni, har buɗar kai idan an so, ni ke haɗa mai hoto da mai kwalliya da masu abinci da dekoreshon. To yanzu na samu wani aiki babba, yayan amarya ne yake biyan komai kuma a Ingila yake zaune, na ce a turo min sunayen baƙi da lambobinsu saboda katin shiga sai ya ce ba zai turo ba sai ya ga takardar da ta nuna yadda nake adana bayanan mutane da wa nake ba su. Ni dai rasit na sani da yarjejeniyar kuɗi. Shin dole ne a Najeriya ko tsirfar 'yan waje ce kawai? Kuma in na kwafo ta wani kamfani a intanet na sa sunana ya wadatar?

Anti_MaiLalle:
Ikon Allah, yanzu har biki sai an yi masa takarda. Mu da muka fara harkar nan tun ana raba kati da alawa amana ce kawai, ka ga abu ka kama bakinka. Ki ce masa ke 'yar mutunci ce ƙanwata, in bai yarda ba ya nemi wata.

Ɗan_Lauya:
Anti a yi haƙuri amma zamanin ku ba a tura hoton lefe ga mutum ɗari a minti ɗaya. Hajiya mai tambaya, ba tsirfa ba ce, doka ce a nan gida. Akwai dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ta kafa NDPC, hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, kafin ita ma akwai ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a 2019. Dokar ba ta ce sai banki ko kamfanin waya ba, duk wanda yake tattara suna da lamba da hoton mutane don kasuwanci ta hau kansa. Abin da take nema a wajenki shi ne ki gaya wa mutum me kika karɓa, don me, wa za ki ba, har yaushe za ki riƙe, kuma yana da ikon cewa ki goge. Tarar ƙananan masu sana'a tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, manya kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 gare ki ki sanar da hukumar.

Kwafowa kuma kar ki fara. Za ki ɗauko ta wani kamfanin Amurka tana maganar dokar California da katin banki alhali ke tiransifa ake miki, kin rubuta alƙawarin da ba ki ma san kin yi ba, ranar rigima da ita za a kama ki. Shafi ɗaya ya isa, Hausa da Turanci, amma abin da kike yi da gaske za ki rubuta.

Mai_Kyamara:
Ni inda nake ganin wutar take ba a takarda ba ne, a guruf ɗin WhatsApp ne. Mai shirya biki za ta buɗe guruf ta zuba mu duka, ni da DJ da mai kek da yaron da zai kawo kujeru, sai ta turo fayil guda mai ɗauke da komai, adireshin gidan amarya, lokacin da za a kai lefe, sunayen manyan baƙi da teburin da za su zauna. Me mai kek zai yi da lambar surukar gwamna fisabilillahi? A wannan yanayi na garkuwa da mutane kin rubuta wa ɓarawo ranar da gida zai zama ba kowa da ranar da akwatuna za su shigo. Kowa a ba shi iya abin da aikinsa yake buƙata, mai abinci adadin mutane kawai, mai tsaron ƙofa suna ba lamba. Sannan hoto, wlh mu ma muna da laifi a nan, kamu taron mata ne sun saki jiki ba mayafi suna rawa, washegari sai a gansu a TikTok da sunan talla, matar wani ce fa, ba amarya ba ce balle a ce ta yarda.

TsohuwarAmarya:
Ni abin ya faru da ni shi ya sa na shigo. Wadda ta shirya min biki, ba zan kama suna ba, bayan sati biyu ƙawayena suka fara samun saƙon talla daga wajenta, wasu kuma wani ya kira su wai kuɗin anko bai cika ba ga akawun a tura, har mutum biyu suka tura, ashe yarinyar shagonta ce ta kwashe lambobin kafin ta bar aiki. Abin da ya fi min ciwo kuma auren bai yi ƙarko ba, shekara ta zagayo hotona da mutumin yana saman shafinta na Instagram, na roƙa na roƙa ta ce ai aikinta ne. Dan Allah ki sa a takardarki cewa ko an yarda yau, gobe ana iya cewa a sauke.

Ɗan_Lauya:
Allah ya musanya miki da mafi alheri. Kuma dokar tana bayanki, mutum yana da ikon janye yardarsa duk lokacin da ya so, shiru kuma ba yarda ba ne a wajen dokar, wato "ai ba ta ce kar na sa ba" ba hujja ba ce. Lambobin baƙi an ba da su ne don katin shiga, talla wani abu ne daban, amarya ma ba ta da ikon yarje miki a madadin ƙawayenta. Yara 'yan ƙasa da 18 kuma, irin masu riƙe fulawa, sai da izinin iyaye.

MaiShirinBiki_KD:
Na gode sosai, Allah ya saka. Wani abu kuma, amare suna yawan turo min abin da ban tambaya ba, wata har takardar gwajin jini ta turo min wai in ajiye mata kar ta ɓata, wani ango kuma ƙari zai yi ya ce kar uwargida ta san nawa ya kashe. Irin wannan fa?

Ɗan_Lauya:
Takardar gwaji kar ki riƙe ta ko na kwana ɗaya, ki ce ta adana abarta ki goge. Bayanin lafiya yana cikin waɗanda dokar ta ware ta tsaurara a kansu, tare da addini da ƙabila, kuma tun da Kano ta yi dokar gwajin kafin aure a 2024 takardun nan sun yawaita a wayoyin mutane, jinotayif ko sakamakon ciwon hanta ya fita daga wayarki kin rusa aure kin kuma jawo wa kanki ƙara. Lissafin ango kuwa tsakaninki da wanda ya biya ne, ko uwargidan ƙawarki ce.

Mai_Kyamara:
Ki sayi waya daban ta aiki ki sa mata fasawod, ki kunna tabbacin mataki biyu a WhatsApp da Instagram, yaran shago kowa ya sa hannu cewa ba zai fitar da komai ba, wanda ya bar aiki a cire shi daga guruf a ranar. Mu ma masu hoto ki sa mu sa hannu, wanda ya ƙi ki canza shi, muna da yawa a gari.

Anti_MaiLalle:
To na ji, in kun rubuta ta Hausar a turo min in gani, amma ni babu mai raba ni da hoton lallena, hannu kawai nake ɗauka ba fuska.