Muhawara: Yanayi ne ke sa tiram tsuwa a kwana, ko rashin gyara?

Mazaunin Kwana: Salamu alaikum jama'a. Ku raba ni gardama da maƙwabcina. Gidanmu a nan Turai yana daidai inda tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin dogo a titunan cikin gari, ke shan kwana, in ya zo wucewa sai ya saki wata tsuwa da ke ratsa haƙori. Maƙwabcina ya dage wai yanayi ne, in gari ya bushe a yi kuka, in an yi ruwa a yi shiru. Ni kuwa na ce ƙarfe bai san damina ba. Rashin gyara ne da gaggawar direbobi, ake fakewa da sama.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, maƙwabcinka ya fi ka gaskiya. Ka kasa kunne ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka dawo ka ba mu labari.

Mazaunin Kwana: Yaya, ai ranar ruwa taga a rufe take, ga ƙarar ruwan kansa. Ba shiru ya yi ba, mu ne ba mu ji ba.

Ɗalibar Injiniya: Malam, shirun na gaske ne. Ƙafar tiram ba ta da sitiyari, dogo ne ke tilasta mata juyawa. A matsattsiyar kwana ƙafafun gaba ba sa fuskantar inda dogon ya nufa, sun ɗan karkace, don haka suna birgima gaba suna kuma jan jiki gefe a kan ƙarfen. Wannan jan jikin ba ya tafiya sumul: ta kama, ta suɓuce, ta kama, ta suɓuce, sau ɗaruruwa har dubbai a daƙiƙa guda. Shi ke girgiza ƙafar ta yi amo. Kamar goge ne: sai an shafa wa izgar ƙaro take cizon tsirkiya ta yi kuka, in mai ya taɓa ta sai ta yi ta zamewa ba sauti. Busasshen dogo yana cizo sosai. Ruwa kan rage kamun kusan rabi, sai tsuwar ta mutu.

Tsohon Makaniki: 'Yata, kin manta babban abu. Ƙafafu biyun sanda ɗaya ta haɗa su, tare suke juyi, alhali dogon waje ya fi na ciki tsawo. A layi mai faɗin mita 1.435, in aka yi cikakkiyar kwana ta shiga wani titi, ƙafar waje na da ƙarin tafiya fiye da mita 2. Dole ɗaya ta ja. Ko ana ruwa ko ana rana lissafin bai canja ba, don haka ina bayan mai gidan kwana.

Ɗalibar Injiniya: Lissafinka daidai ne Baba, amma akwai sababbin tiram masu daɓe ƙasa-ƙasa da kowace ƙafa ke juyinta ita kaɗai, kuma su ma suna tsuwa. Karkacewar nan ce tushe. Sannan ban ce ruwa yana hana jan ba, cewa na yi yana hana jan zama kuka.

Baƙon Toronto: A nan akwai kwanar da da'irarta ba ta wuce mita 11 daga tsakiya ba, musamman inda tiram ke zagayawa ya koma a ƙarshen layi. A hankali suke bi, kamar mai tafiya a ƙasa, amma tsuwar na nan. To batun gaggawar direba ku rage masa nauyi. Haka tiram mai lamba 28 a lungunan Alfama na Lisbon.

Mazaunin Kwana: To in bushewa ce, me ya sa ya fi damuna da asuba, lokacin da raɓa ta kwanta a dogo? Ai da shiru zan ji.

Yaya Babba: Yauwa, nan ka kama su.

Ɗalibar Injiniya: Bai kama kowa ba Yaya, abu biyu ya haɗa. Na farko kunne ne: da asuba gari tsit, kuma in iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kan lanƙwaso ya bi ƙasa ya yi nisa. Na biyu, raɓa ba ruwan sama ba ce. Dogon da ya kwana ba a taka shi ba, ga laima, yakan yi siririyar tsatsa a sama, kuma da raɓar ta fara bushewa kamun ya canja. Shi ya sa mutum kan ji kukan ya dawo da ƙarfi bayan ruwa ya ɗauke. Tsakanin jiƙe sharkaf da bushe ƙamas akwai hali iri-iri, kowanne da muryarsa.

Hajiya Mai Shago: Ni duk wannan ilimin bai dame ni ba. A zuba wa kwanar giris kowa ya huta mana.

Tsohon Makaniki: Haba Hajiya! Giris a saman dogo? Da me zai taka birki? Giris na gefen dogo ne, inda leɓen ƙafa ke gogawa. Sama kuwa wani sinadari daban ake sawa, mai daidaita kamu ba tare da ya kashe shi ba. Direba ya fi tsoron yayyafi da ruɓaɓɓen ganye fiye da ruwa mai ƙarfi, don mai ƙarfin wanke dogo yake, yayyafi kuwa kwaɓa ƙura yake ta zama santsi. Shi ya sa tiram ke ɗauke da akwatin yashi yana zuba wa ƙafa. A Salisbury ta Ingila, a watan Oktoban 2021, jiragen ƙasa biyu sun yi karo saboda ɗaya ya zame a kan dogon da ganye ya ɓata.

Yaya Babba: Baba, ka ce kana bayansa, ga shi kai ma kana lissafa aikin yayyafi.

Tsohon Makaniki: A birki na yarda, a tsuwa ina nan kan bakana.

Mazaunin Kwana: Ni ma ban sauka ba. Tunda akwai sinadarin da ake sawa, kuma kwanarmu na kuka, ashe ba a sa ba ke nan, ko na'urar ta daina fesawa. Wannan ba rashin gyara ba ne?

Ɗalibar Injiniya: Yana iya zama. Sai dai in za ka kai ƙorafi, kada ka ce kawai yana damunka. Rubuta ranar, lokacin, ko dogo jiƙe ne ko bushe, da ɓangaren da tiram ɗin ya nufa. In ta hanya ɗaya kawai yake kuka, a nan za su fara dubawa.

Hajiya Mai Shago: Kafin su duba, ka sayi audugar kunne, ina da ita a shago.