Kwana huɗu a Alkahira da tsoho mai ciwon gwiwa, yaya zan tsara?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san Alkahira. Mahaifina ya haura saba'in, ya yi ritaya daga koyar da Larabci a sakandare, kuma tun muna yara ba shi da zance irin na Azhar. Yana saurayi ya nemi tafiya karatu can, sai kakanmu ya rasu, nauyin gida ya dawo wuyansa, maganar ta mutu. Ya sauke farali, ya yi Umara sau biyu, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Masar ba. Bana Allah ya ɗan buɗa min, na ƙudurta in kai shi ya ga wurin da idonsa tun yana da sauran ƙarfi.

Hutun da na samu a wurin aiki gajere ne, cikin Janairu. In an cire ranar tafiya da ta dawowa, kwana huɗu ya rage. Mu uku ne, ni da Baba da maiɗakina, kuma daga Kano za mu tashi. Abin da ke damuna gwiwar Baba: da sanda yake tafiya, matakala tana ba shi wuya sosai, in ya yi tsayuwar rabin awa sai ya nemi wurin zama.

Abin da na rubuta a takarda shi ne Azhar, dalar Giza, gidan tarihi, kasuwar Khan Khalili, yawo a kwalekwale kan Nilu, sai yini ɗaya mu je Iskandariya mu ga teku. Ya yi yawa? Kuma a wace unguwa ya fi dacewa mu sauka? Na ga hotunan otal-otal a Giza da ake hango dala ta taga, sun ba ni sha'awa.

Abu Safwan

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗan'uwa, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Shekarata ta shida ke nan ina karatu a garin nan, bari in faɗi abin da na sani.

Da farko ka soke Iskandariya. Ta fi kilomita 200 daga nan, a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis za ku ci awa biyu da rabi zuwa uku, haka kuma dawowa. Ga tsoho, wannan yinin duk a zaune cikin jirgi zai ƙare, washegari kuma ya tashi da ciwon jiki. Janairu ma lokacin ruwa da iska ne a bakin tekun.

Na biyu, ka tuna saboda wa aka yi tafiyar. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana begen Azhar, ba a kai shi ya yi raka'a biyu a ɗauki hoto a fito. Ka ba wa Azhar yini guda, kuma ka yi ƙoƙari Juma'a ta riske ku a nan. Ku je da wuri, kamar awa biyu kafin huɗuba, ya samu wuri kusa da ginshiƙi ya jingina, ya ji ƙira'ar da ake yi kafin liman ya hau mumbari. A shekara ta 970 aka aza harsashin masallacin, zamanin Faɗimiyyawa, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma har gobe malamai suna zama ana karanta littattafai a gabansu, duk wanda ya so ya zauna ya saurara. Baba da ya koyar da Larabci zai bi karatun tsaf, domin da fusha, wato Larabcin littafi, ake yi. A titi ne zai ɗan sha mamaki, Misirawa suna mayar da jimun ta koma "ga", ƙafun kuma su haɗiye ta, sai ka ji an ce "gamil" ko "ahwa". Amma suna girmama dattijon da ya yi musu fusha.

Ka gaya masa cewa mutanenmu ba baƙi ba ne a wurin. A cikin ruwaƙan, wato sassan da ɗalibai suke kwana a Azhar a da, akwai na mutanen Barno. Mansa Musa ta garin nan ya bi zuwa Hajji a 1324. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, daga nan ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Shehu Halilu mai Muhtasar, da ake karantawa a zaurukanmu, ɗan garin nan ne. Har wata unguwa akwai a ɓangaren Giza mai suna Bulaƙ Dakrur, sunan daga Tukururu ya samo asali.

Daga Azhar in kun tsallaka titi ga masallacin Husaini, ga Khan Khalili a jikinsa. Hanyar tsallakawar ta ƙarƙashin ƙasa ce mai matakala, saboda haka gara direba ya zagaya da ku ya sauke ku a ɗaya gefen. Titin Mu'izzu, daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, ya kai kilomita guda kuma daɓen dutse ne, kada ka ce Baba sai ya taka shi duka.

Wani yinin ku ɗauki mota ɗaya ta zagaya da ku masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ, wanda shi ne na farko a Masar, sai ƙubbar Imam Shafi'i, sai masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879. Wannan na ƙarshe ni shi na fi so a duk garin. Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu hayaniya, tsoho zai zauna a inuwa ya huta yadda yake so. Ƙal'ar Salahuddini, wato tsohuwar fadar nan mai ganuwa, tana da kyau, ana ganin gari duka daga samanta, amma a kan tudu take, akwai hawa daga ƙofa zuwa masallacin Muhammad Ali. Ni dai da zan bar ta.

Masauki kuwa, ku sauka a Wusɗul Balad, wato tsakiyar gari, kusa da dandalin Tahrir. Giza tana can kudu maso yamma, filin jirgi yana arewa maso gabas, Azhar tana tsakani. In kun kwana a Giza, kullum sai kun yi awa guda ko fiye a cunkoso kafin ku iso inda Baba yake so.

Maman Walida

Sannu da ƙoƙari Malam. Ni sarin abaya da kayan ɗaki ke kai ni, na je ya fi sau goma. Abu Safwan ya yi gaskiya a kan Iskandariya, amma kan Wusɗul Balad ina da gyara. Da yawan ƙananan otal-otal ɗin wurin a hawa na biyar ko na shida na tsofaffin gine-gine suke, lif ɗinsu irin na da ne mai ƙofar ƙarfe. Na taɓa sauka a wani, lif ya lalace kwana biyu, na riƙa hawa da kaya a hannu ina haki. Kafin ka biya ko sisi ka tambaye su a rubuce: a hawa na nawa ɗakin yake, lif yana aiki, kuma akwai matakala kafin a kai ga lif ɗin? Ka tambayi banɗaki ma, kada a ba Baba mai bahon da sai an ɗaga ƙafa an shiga. Ga ƙarar hon har tsakar dare, ka nemi ɗakin da ba ya kallon babban titi. In aljihu zai ɗauka, Zamalik ko Dokki sun fi natsuwa, kuma ba su da nisa da Tahrir.

Sanyi kuma kada ka raina shi. Dare a Janairu yakan sauko wajen digiri 10, gidajensu kuma tayil ne, sanyin ta ƙafa yake shiga, ga mai ciwon gwiwa. A sa masa safa mai kauri da rigar sanyi da rawani ko hirami. Magungunansa su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Mulukiyyarsu lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade kuwa zoɓo ne, har da zafinsa suke sha lokacin sanyi. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya, wadda ta yi kama da ƙosai. Kushari shinkafa ce da taliya da adas da soyayyar albasa, tana da arha tana ƙosarwa, sai dai a hana su zuba wa Baba yajin. Ruwan gora kawai za ku sha.

Ga uwargida: jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da taragun mata zalla a tsakiya, in ku biyu kuka fita yana da sauri da arha. Da Baba kuwa Uber za ku riƙa kira, kuma ka koyi lambobin Larabci don da su ake rubuta lambar mota. Khan Khalili a je a sha kallo a sayi tasbaha da turare, farashin baƙi ne, a taya ƙasa da rabi. Sayayya ta gaske tana kasuwannin Ataba da Muski, amma turmutsutsun wurin ba na tsoho ba ne, ku bar shi a ɗaki yana hutawa bayan Azahar.

Biza ku nema tun yanzu, kuma kowa ya riƙe katinsa na rigakafin shawara.

Bazazzagi

Ni kan dala zan yi magana don a can aka cuce ni. Wani mai raƙumi ya ce min kuɗi kaza, na hau, da muka yi nisa cikin yashi sai ya ce wancan kuɗin hawa ne, na sauka daban. Ina tare da ɗana ƙarami, dole na biya. Har yau abin yana min ciwo. Duk wanda ya miƙo maka wani abu ya ce kyauta ce, ko ya ce kawo waya in ɗauke ku, ka ce "la, shukran", wato a'a na gode, ka wuce.

Duk da haka kada ku fasa zuwa. Babbar dalar, ta Khufu, ta kai shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146, kuma sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai maka ƙirji sannan za ka gane abin da hoto ba ya nunawa. Ku isa da sassafe. Shiga cikinta a sunkuye ake yi ta wani siririn rami mai hawa, ko kusa kada Baba ya gwada. Sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a Nuwamba 2025 yana nan kusa, kayan Fir'auna Tutankhamun duka suna can, sai ku haɗa su yini ɗaya. Amma girmansa ya wuce misali, ka nemi keken guragu tun daga ƙofa ko da Baba zai ce ba ya so. Tikiti a irin waɗannan wurare da katin banki ake saya, ka tabbata naka yana aiki a waje kafin ku taso, ka kuma riƙe ɗan canjin fam ɗin Masar na bakshish, wato na goro.

Abu Safwan

Ƙari kaɗan, don na san Baba zai tambayi gawar Fir'auna, kowane baƙo daga gida sai ya tambaya. Gawarwakin sarakunan ba sa tsohon gidan tarihin da ke Tahrir yanzu. A Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, har da ta Ramsis na biyu. Wurin bai da nisa da masallacin Amru, kuma bai kai na Giza girma ba, cikin awa ɗaya da rabi an gama. Sai dai a jikin gilashin sunan sarki kawai za ku gani. Masu cewa ga takamaiman wanda ya yi zamani da Annabi Musa, hasashe suke yi, wasu su ce Ramsis, wasu su ce ɗansa Marnafta.

Ɗan Gwammaja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na soke Iskandariya da Ƙal'a. Zan nemi jirgin da zai sa mu kwana can ranar Laraba: Alhamis Fusɗaɗ da Imam Shafi'i da Ibn Ɗulun, Juma'a Azhar, Asabar Giza, Lahadi mu bar ta a sake, in ya so komawa Azhar mu koma, da yamma mu shiga kwalekwale. Hajiya, na aika wa otal biyu a Dokki tambayoyin nan naki, ina jiran amsa.

Jiya bayan Isha'i na karanta wa Baba abin da kuka rubuta. Da na zo kan ruwaƙin mutanen Barno ya ce in maimaita, sannan ya yi shiru. Keken guragu kam ya ce sai dai mu gani in mun je. Malam Abu Safwan, ya ce in tambaye ka ko ana karatun Muhtasar a cikin masallacin a watan Janairu, kuma a wace rana, sannan ko akwai kujeru ga wanda ba ya iya zaman ƙasa.