Lissafin kwan fitilar babur ya ƙi daidaita da mita

Assalamu alaikum malamai da ogannin aikin lantarki. Ni ɗan koyon gyaran wayarin babur ne a Gusau, kwana uku ke nan wani lissafi ya tsaya mini a wuya.

Kwan fitilar gaba ne, an rubuta a jikinsa bolt 12, wat 35. Na raba 35 da 12, na samu wutar da yake ja kusan amfiya 2.9. Sai na raba bolt 12 da 2.9 kamar yadda dokar Ohm ta lissafin lantarki ta ce, turjiyarsa, wato yadda yake tare gudun wuta, ta fito om 4 da ɗoriya. To amma da na cire kwan na ɗora masa mitar awon lantarki, abin da ta nuna bai wuce om 0.5 ba. In haka ne ai amfiya 24 zai ja, wat 288 ke nan, da tuni fiyus ya ƙone. Ga shi kuwa kwan yana ci lafiya lau.

Maigidana ya ce mitar ce ta tsufa, na aro ta maƙwabci, duk kanwar ja ce. Shin zafin zaren cikin kwan ne ke ƙara turjiya har haka, ko ni ne na karkace a lissafin? Don Allah a warware mini.